Ko Hausa Tana Iya Ɗaukar Aljabara? Misali Daga Darasin Mahaɗa

GABATARWA

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin 'yan boko, har ta zama kamar karatun da aka haddace, wai harshen Hausa na waƙa ne da tatsuniya da hirar dandali, amma idan aka zo fagen lissafi da kimiyya tilas ya ja da baya ya ba Turanci wuri. Abin takaici shi ne, har a cikinmu ɗaliban Sashen Hausa akwai masu gaskata wannan magana, wasu ma sukan faɗa cikin raha cewa gudun lissafi ne ya kawo su wannan sashe. Ni kuwa a ganina wannan raha tana da tsada, domin tana nufin mu da aka ɗora wa amanar harshen, mu ne muka fara sallama cewa ya gaza.

Gardama irin wannan ba ta ƙarewa da fatar baki. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Saboda haka a wannan takarda zan ɗauki darasi guda daga cikin aljabara, irin wanda ake koyarwa a manyan ajujuwan sakandare da shekarar farko ta jami'a, wanda kuma aka san yana ba ɗalibai wuya, in bayyana shi da Hausa tsantsa, in kawo misalansa daga ƙasarmu ta Mungadi da Jega da Aliero, sannan in bar wa malamaina da 'yan'uwana ɗalibai hukunci. Darasin shi ne yadda ake nemo wuraren da zanen lissafi mai siffar kaso yake haɗuwa da layukan awo guda biyu.

KALMOMIN AIKI

Kafin a shiga gona sai an tanadi fartanya. Ga kalmomin da zan yi aiki da su, kuma shawara ce nake bayarwa, wanda ya fi ni sani yana iya kawo waɗanda suka fi su dacewa.

Idan adadi guda ya dogara ga wani, yadda da zarar an san na farko to an san na biyu, kamar yadda kuɗin da za ka biya ya dogara ga yawan mudun da ka auna, wannan dangantaka zan kira ta dogaro. Adadin da muke da ikon canzawa ana rubuta shi da harafin x, wanda ya dogara gare shi kuwa da harafin y. Idan dogaron ya zo a siffar kaso, wato wani lissafi a sama, wani a ƙasa, da layin rabawa a tsakaninsu, kuma kowannensu an gina shi ne da x da lambobi ta hanyar tarawa da ɗebewa da ninkawa, zan kira shi dogaron kaso. Na sama shi ne abin rabo, na ƙasa kuma masu rabo.

Ana zana dogaro a kan takarda ta hanyar ja layi biyu da suka gitta juna, ɗaya a kwance, shi ne na x, ɗaya a tsaye, shi ne na y. Inda suka gitta shi ne cibiya, a nan x da y duk sifiri ne. Dama da cibiya da samanta lambobin samu ne, hagu da ƙasa kuwa lambobin bashi, wato waɗanda ba su kai sifiri ba, masu alamar ɗebewa a gabansu. Duk wurin da zanen ya taɓa ɗaya daga cikin layukan nan biyu, sunansa mahaɗa. Akwai mahaɗar tsaye, akwai mahaɗar kwance.

YADDA AKE NEMO MAHAƊA

Mu ɗauki wannan misali: y = (2x − 6) / (x + 2).

Mahaɗar tsaye ita ce mai sauƙi. Duk wanda yake tsaye a kan layin tsaye bai gusa dama ba, bai gusa hagu ba, ke nan x ɗinsa sifiri ne. Sai mu sa sifiri duk inda x yake. Abin rabo ya zama −6, masu rabo suka zama 2, amsa ita ce −3. Zanen ya ratsa layin tsaye taki uku ƙasa da cibiya. Kuma da yake kowane x amsa guda yake bayarwa, mahaɗar tsaye ba ta wuce ɗaya.

Mahaɗar kwance kuwa ita ce inda y ya zama sifiri. Tambayar ita ce, yaushe rabo yake ba kowa sifiri? Ko yaro ya san amsa: sai idan abin rabon ne babu. Idan aka kawo faranti babu goro ko ɗaya aka ce mutum biyar su raba, kowa zai tashi da babu. Saboda haka sai mu dubi na sama kaɗai mu ce 2x − 6 = 0, wanda ya ba mu x = 3. Amma aiki bai ƙare ba, sai an koma an duba masu rabo. Idan x ya zama 3, na ƙasa ya zama 5, mutane suna nan, rabo ya inganta. Mahaɗar kwance tana kan 3.

Me ya sa dole a koma a duba na ƙasa? Domin ba a rabawa da sifiri. Shida a raba biyu ya ba da uku ne saboda uku sau biyu shida ne. To, shida a raba sifiri fa? Sai a nemo adadin da in an ninka shi sau sifiri zai ba da shida, kuma babu shi. Sifiri a raba sifiri kuwa matsalarsa ta fi haka, domin kowane adadi ka ninka sau sifiri sifiri zai ba ka, ke nan amsoshin ba su da iyaka, abin da ba shi da amsa guda kuwa lissafi ba ya karɓarsa. A taƙaice, idan abin rabo ya ƙare, kowa ya sami babu. Idan masu rabo ne babu, to rabon kansa bai auku ba.

Ga inda tarkon yake. A dubi y = (x² − 4) / (x − 2), inda x² yake nufin x sau x. Na sama yana zama sifiri a wuri biyu, a kan 2 da kuma a kan −2. Mai gaggawa sai ya rubuta cewa mahaɗar kwance biyu ce. Amma idan x ya zama 2, na ƙasa ma ya zama sifiri, babu goro kuma babu mutane. A daidai nan zanen yana da giɓi, kamar haƙorin da ya fita, bai kuwa taɓa layin kwance ba. Mahaɗar kwance guda ce tak, a kan −2. Ta tsaye kuma, −4 a raba −2, tana kan 2.

Haka nan yana yiwuwa a rasa mahaɗa ɗungum. A cikin y = (x² + 1) / (x − 1), na sama ba ya taɓa zama sifiri, domin kowane adadi aka ninka da kansa ba ya gaza sifiri, balle an ƙara masa ɗaya. Wannan zane ba shi da mahaɗar kwance ko ɗaya, ta tsaye kaɗai gare shi, a kan −1.

Darasin ke nan gaba ɗayansa. Na san mai lura zai ce ai masu rabo a lissafi suna iya zama rabi ko bashi, alhali babu rabin mutum. Gaskiya ne. Sunan ƙofa ce ta shiga, idan ɗalibi ya shige ya zauna sai a faɗaɗa masa ma'ana, kamar yadda ake yi wa kowace keɓaɓɓiyar kalma a kowane harshe.

DAGA ALLO ZUWA KASUWA

Wani zai tambaya, ina amfanin wannan ga mutumin karkara? Bari mu je Aliero, garin da ya yi suna wajen noman albasa. Alƙaluman da zan kawo na misali ne kawai, don a ga yadda lissafin yake tafiya.

A ce ɗan kasuwa yana samun rarar naira 3,000 a kan kowane buhun albasa tsakanin saye da sayarwa, amma akwai kuɗin da ba makawa sai ya biya, na shatar mota da sauran ɗawainiya, naira 60,000, ko buhunan sun yi yawa ko sun yi kaɗan. Idan x shi ne yawan buhunan, ribar da ta rage masa a kan kowane buhu ita ce y = (3,000x − 60,000) / x. Wannan dogaron kaso ne sak. Mahaɗarsa ta kwance tana inda na sama ya zama sifiri, wato x = 20. Ma'anarta a bakin 'yan kasuwa ita ce, a buhu 20 ne uwar kuɗi take dawowa, ba riba ba faɗuwa. Idan buhu 10 ya ɗauka, ya faɗi da naira 3,000 a kan kowanne. Idan 40 ne, ribarsa 1,500 a buhu. Idan 60 ne, 2,000. Idan 100 ne, 2,400. Ribar tana ta hawa tana kusantar 3,000, amma har abada ba za ta kai ba, domin kuɗin motar yana nan, sai dai ya yi ta sirancewa. Mahaɗar tsaye kuwa babu ita, saboda ba a raba kuɗin mota a kan buhun da babu.

Mu dawo Mungadi, cikin ƙaramar hukumar Maiyama. Manomi yana da buhu 4 na shinkafa yana son kai su kasuwar Jega, shatar mota kuma naira 24,000 ce. Idan maƙwabta suka ƙaro buhu x aka yi karo-karo, kuɗin kowane buhu shi ne y = 24,000 / (x + 4). A nan mahaɗar tsaye ce take magana: idan babu wanda ya shigo, x sifiri ne, kowane buhu zai ci naira 6,000. Idan aka ƙaro 8, ya sauko 2,000. Idan aka ƙaro 20, ya sauko 1,000. Mahaɗar kwance babu, tun da na sama ba ya zama sifiri, wato komai yawan masu karo-karo mota ba za ta zama kyauta ba.

Dillalan Jega da manoman Mungadi suna yin wannan lissafi da ka kullum, ba tare da sun taɓa ganin x ba. Abin mamaki shi ne, ɗan da suka haifa, wanda yake taya su ƙidayar buhu ranar kasuwa, shi ne zai zauna a aji a rubuta masa wannan lissafi a allo ya kasa gane cewa ya san shi.

INDA GIZO YAKE SAƘA

A ganina cikas ɗin yana ga harshen da aka naɗe darasin a ciki. Sunan da Turanci ya ba dogaron kaso, idan ɗalibi ya buɗe ƙamus, ma'anar farko da zai tarar ita ce "mai hankali", sai ya rasa abin da ya haɗa hankali da layin rabawa, alhali a lissafi kalmar tana nuni ne ga gwada adadi da adadi. Sunan mahaɗa kuma, a Turancin yau da kullum, yana nufin tare wani abu a hanya kafin ya isa inda za shi. Kalmar da ake kiran dogaro da ita tana iya nufin aiki, tana iya nufin biki. Yaron da ya taso da Turanci a gida ma sai an yi masa bayani, ina ga wanda bai fara jin harshen sosai ba sai a aji?

Abin da yake biyo baya sananne ne ga duk wanda ya zauna a irin waɗannan ajujuwa. Ɗalibi yakan haddace ƙa'ida kamar yadda aku yake haddace sallama: a sa na sama daidai da sifiri. Idan tambaya ta zo yadda ya saba, ya ci. Idan aka kawo mai giɓi, irin misalinmu na biyu, sai ya faɗa rami, domin ba a taɓa gaya masa dalilin ƙa'idar da harshen da yake tunani da shi ba. Wanda aka ce masa babu goro kuma babu mutane, da wuya ya manta ya duba na ƙasa.

Hasarar kuwa ba ƙarama ba ce. Tun shekarar 2006 aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar Kebbi a Aliero, a ƙofar gidanmu, amma ba a shiga fannin injiniya ko kimiyya sai da sakamako mai kyau a lissafi. Yaron da lissafi ya kayar saboda harshe, yana ji yana gani za a yi rabo a garinsu ba da shi ba.

ABIN DA TARIHI YA NUNA

Masu cewa aljabara sai da Turanci sun manta asalinta. Sunanta ma daga Larabci yake, daga littafin da Muhammad ibn Musa al-Khwarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820. A cikin littafin nan babu x babu y, da jimloli ya bayyana kowace mas'ala da yadda ake warware ta, kuma babban kaso na littafin a kan lissafin gado da wasiyya yake. Sai a 1145 aka fassara shi zuwa Latin. Kalmar sifiri da muke amfani da ita, daga tushen Larabci guda ta fito da kalmar da Turawa suke kiran wannan lamba. Mun ara, su ma sun ara.

Dabarar haɗa aljabara da zane, wadda darasinmu ya tsaya a kanta, ana danganta ta ga René Descartes na Faransa, wanda ya buga aikinsa a 1637. Abin lura shi ne da Faransanci ya rubuta shi, harshen mutanen ƙasarsa, a zamanin da malaman Turai suka ɗauka ilmi sai da Latin. Batun rabawa da sifiri kuwa, ko manyan masana ya ba su wuya. Brahmagupta na ƙasar Indiya, wanda ya tsara ƙa'idojin aiki da sifiri a shekarar 628, ya ɗauka sifiri a raba sifiri sifiri ne, sai na bayansa suka gyara. Saboda haka yaron da ya yi tuntuɓe a wannan wuri bai cancanci a kira shi daƙiƙi ba, bayani yake bukata.

A ƙasar Hausa ma lissafi ba baƙo ba ne. Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kishnawi, malamin Katsina, ya rubuta littafi a 1732 a kan yadda ake tsara lambobi cikin hatimi, ta yadda kowane layi zai ba da jimla guda, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741. Da Larabci ya rubuta, amma hankalin a nan ƙasar aka rene shi. Tun zamanin kuɗin wuri fatake suna ƙidayar dubbai, har keso guda na wuri 20,000. A makarantun zaure na ƙasar Gwandu, wadda Jega da Aliero da Maiyama suke cikinta, an gaji karatu tun daga Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, kuma har yau ana karanta babin gado na littafin Risala ana fassara shi da Hausa. Daga nan ne rubu'i da sulusi da sudusi da sumuni suka zauna daram a bakinmu. A dubi mas'alar matar da ta rasu ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai. Miji yana da rabi, su kuma suna da sulusi biyu. In an mayar da su kan shida, uku ne da huɗu, jimla bakwai, ta zarce shida. Sai malamai su ɗaga asalin rabon daga shida zuwa bakwai, miji ya ɗauki uku cikin bakwai, su kuma huɗu cikin bakwai, ragin ya shafi kowa daidai gwargwado. Wannan aiki ne da na sama da na ƙasa, kuma da Hausa ake bayyana shi a zaure, almajirai suna ganewa. Harshen da ya ɗauki wannan, me zai hana shi ɗaukar mahaɗa?

HUJJOJIN MASU SUKA

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren, domin hujjojinsu suna da nauyi.

Ta farko, jarrabawar fita sakandare da ta shiga jami'a duk da Turanci ake yin su. Wannan gaskiya ce, shi ya sa ban ce a kori Turanci daga aji ba. Abin da nake kira gare shi shi ne a fara kafa ma'ana da Hausa, a bar alamomin lissafi yadda duniya ta san su, sannan a ba ɗalibi sunan Turanci ya rataya a kan abin da ya riga ya fahimta. Koyon sabon suna ga abin da ka sani aikin yini ɗaya ne. Akwai kuma gwajin da aka yi a Ile-Ife daga 1970 ƙarƙashin jagorancin Farfesa Babatunde Fafunwa, inda aka koyar da yara dukan darussan firamare da Yarabanci har shekara shida, da lissafi da kimiyya a ciki, Turanci kuma aka koyar da shi a matsayin darasi. Rahoton aikin ya nuna yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, a wasu darussan ma sun fi su.

Ta biyu, an gwada an gani. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa a shekarun farko na firamare. A Nuwamba 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince a kai shi shekara shida, sannan a Nuwamba 2025 Ministan Ilmi, Dokta Tunji Alausa, ya ba da sanarwar soke tsarin da komawa ga Turanci, yana kafa hujja da faɗuwar ɗalibai a jarrabawa. Amsata ita ce, tun ranar da aka amince da tsarin a 2022, ministan lokacin, Malam Adamu Adamu, ya faɗa cewa aiwatar da shi sosai sai an tanadi littattafai da ƙwararrun malamai. Wanda aka tura gona ba fartanya, in ya dawo hannu wofi, ba a ce ƙasar ce ba ta da albarka.

Ta uku, babu daidaitattun kalmomi, kowane malami zai ƙirƙiro nasa, a sami ruɗani. Wannan ita ce hujjar da ta fi ƙarfi, kuma a kanmu ta faɗo. Rashin kalmomi aiki ne da ba a yi ba, masu aikin kuwa su ne mu.

AIKIN DA YAKE GABANMU

Magabatanmu sun nuna hanya. An kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955 don daidaita rubutu da tace kalmomin aro. A 1990 aka buga ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi, wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, kuma albarkacin irin wannan aiki ne yau muke nazarin ginin jimla da tsarin sauti da Hausa tun daga ajin farko har digiri na uku, abin da a da ake ganin ba zai yiwu ba. Abin da aka yi wa nahawu ana iya yi wa aljabara. Ga shawarwarina.

Na ɗaya, sashenmu ya buɗe ƙofa ga ɗaliban ajin ƙarshe su rubuta kundin digirinsu a kan fassara babi guda na lissafi ko kimiyya, da malami daga sashen Hausa da wani daga sashen lissafi suna duba aikin tare. Ɗaya ya tsare harshe, ɗaya ya tsare ma'ana, domin fassarar da ta yi daɗin ji amma ta karkatar da ƙa'ida ta fi rashinta illa.

Na biyu, kada a yanke wa kalma hukunci a ofis. A kai ta aji a Maiyama ko Jega a gwada ta a kan yara, a ga wadda ta shiga kunne. Idan "mahaɗa" ta fi "magama" saurin kama hankali, a riƙe ta. Idan "dogaro" ta kawo ruɗani, a sauya ta. Inda kalmar aro ta riga ta zauna, kamar sifiri da aljabara, a bar ta, ba a tsarkin harshe da abin da zai wahalar da yaro.

Na uku, a je wurin masu sana'a da malaman zaure a tattaro kalmomin da suke aiki da su: uwar kuɗi, rara, faɗuwa, karo-karo, asalin rabo. Rabin ƙamus ɗin da muke nema yana bakinsu.

Na huɗu, sassan Hausa na Sakkwato da Kano da Zariya da Katsina, tare da 'yan'uwanmu na Jamhuriyar Nijar, inda aka ayyana Hausa harshen ƙasa a 2025, su riƙa zama suna daidaita abin da aka tattara, don yaron Maraɗi da na Mungadi su kira abu guda da suna guda.

KAMMALAWA

Na ɗauki darasi guda na bayyana shi, mai karatu shi ne shaida ko Hausa ta yi tuntuɓe a hanya. Idan ka iya nemo mahaɗun y = (x − 5) / (x + 1) yanzu, ka sami ta kwance a kan 5 da ta tsaye a kan −5, to ka yi aljabara da Hausa, ko da kana cikin masu cewa gudun lissafi ya kawo su nan. Darasi guda ba ya zama littafi, littafi guda kuma ba ya zama manhaja, amma da yayyafi kogi kan cika. Kirana ga 'yan'uwana ɗalibai shi ne, a cikin masu neman batun kundi a bana a sami ko mutum biyu da za su ɗauki babi ɗaya ɗaya na lissafi, ga malamanmu kuma su karɓi irin wannan batu hannu biyu. Ƙannenmu suna can a ajujuwan Mungadi da Aliero suna kwafar abin da ba su gane ba, kuma ba su da wanda ya fi mu cancantar ya fassara musu. Allah ya ba mu ikon sauke wannan nauyi.